Ƙarfen Da Aka Sa A Murhu Ranar Saukar Ɗana

Ko yau na ji ƙarar fashewar tayar mota sai gabana ya faɗi, domin ranar walimar saukar ɗana ba ta taɓa fita raina ba, kuma ba za ta fita ba.

Maigidana yana da wata ɗabi'a da ya gada daga labaran kakansa, wanda ya je yaƙin Bama. Tara tsofaffin makaman fasa tankar yaƙi yake yi. Direbobin da ke kawo tsohon ƙarfe daga hamada ta Nijar sun san shi, duk wani bututu mai tsatsa sai sun sauke masa a Daura. Ya cika ɗakin zaure da su, yana gogewa da baƙin mai, yana nuna wa baƙi. Ni dai ina kallo. In na ce, "Malam, abin nan ba ya tashi?" sai ya yi dariya ya ce, "Matattu ne, ke dai ji da tukunyarki." Sai in yi shiru. Shirun nan shi ne yake ƙona mini rai har gobe.

Ana gobe walima ya shigo da wani sabo, faffaɗa mai kauri kamar dutsen niƙa. Ya ce nakiya ce da ake binne wa tanka a hanya. Da bakinsa ya faɗa mini bai kai a duba cikinta ba tukuna, sai an gama hidima.

Da hantsi mata sun cika gida, an haɗa murhu a tsakar gida don babbar tukunyar shinkafa. Dutse ɗaya cikin ukun ya tsage. Ƙanwar mijina ta leƙa zaure neman abin tokarawa, ta ga ƙarfe mai faɗi, ta mirgino shi, suka ɗora tukunya, suka hura wuta. Ina ɗaki ina rabon goro ban sani ba.

Da na fito na hango ƙarfen nan a ƙarƙashin tukunya, wuta na lasar gefensa, 'yar autata tana tsugune a wurin tana jiran ƙanzo. Ban san ina da murya irin wannan ba.

"Ku fita! Kowa ya fita waje!"

"Yaya, lafiya? Shinkafar ko tafasa ba ta yi ba," in ji ƙanwar mijina.

"Bar shinkafar ubanki, bam kika sa a murhu!"

Na fizgi yarinya na miƙa wa wata, na janye itatuwan wutar da hannuna, ban ji ƙuna ba sai daga baya. Mata suka ruga babu takalmi, wata ko mayafi ba ta ɗauka ba.

Maigidana kuwa yana ƙofar gida cikin malamai. Ya taso yana cewa, "Haba, kin tara mini jama'a a kan mataccen ƙarfe?"

Na ce, "Malam, ka duba cikinsa?"

Nan take ya aika aka kira jami'an tsaro.

Jami'an tsaro suka zo suka killace layin, suka ɗauke ƙarfen a hankali zuwa dajin hanyar Sandamu, suka tayar da shi. Daga gida muka ji ƙasa ta girgiza, kwanukan da ke jere a ɗakina suka yi ƙara. Mataccen ƙarfe ke nan.

Da maigidana ya dawo daga amsa tambayoyin jami'an ya fara, "Ki yi haƙuri..." Na ce, "Haƙurin ne ya kusa kashe mini 'ya. Ko ƙarafan nan su bar gidan nan, ko ni da yarana mu bar shi." Washegari aka kwashe su duka, zauren ya koma wurin karatun yara.

Tabon wutar yana nan a tafin hannuna. Ni mace ce mai haƙuri har yanzu, amma na koyi cewa in abu ya shafi ran 'ya'yana, ba na tambaya sau ɗaya in koma kan tukunyata.