Wurin da Ka Roƙa a Gefen Magdalene

Ranar Talata, 6 ga watan Maris na 2012, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Malam Andrawus, malamin gona na Goronyo, a wani asibiti a Sakkwato, bayan wata huɗu yana fama da ciwon hanta. Shekarunsa hamsin da takwas. Ya bar 'ya ɗaya, Theresa. Ya kuma bar ni, George, abokinsa na shekara ashirin da shida, da alkawarin da na ɗaukar masa ban cika ba. Masu yabo sun riga sun yi nasu, har da waɗanda ba su san ƙofar ɗakin da ya yi jinya ba. Ni alkawarin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Andrawus, da kai zan yi magana, don kai kaɗai ne ban taɓa iya yi wa kwana-kwana ba.

A 1986 muka haɗu. Kai ka zo daga wani ƙauye bayan Kafanchan, lokacin da ruwan dam ɗin Goronyo ya sa ake neman masu koya wa manoma noman rani. Ni daga ƙasar Zuru aka turo ni koyarwa a Wurno. Mu tara muke sujada a wani aji da aka ara mana, kuma a cikinmu ka fi kowa ɗaga murya a waƙa, ka fi kowa ɓata ta. Da aka tashi, ka ja ni gefe. Kafin ma ka tambayi sunana ka ce, "Malam, kana warin giya." Na so in mare ka. Amma gaskiya ka faɗa, kuma ba ka kai ta gaban dattawan ikilisiya ba, ba ka mai da ni abin hira a gidan kowa ba. Ranar Asabar sai ga ka a ƙofata bisa tsohon babur ɗinka mai tari kamar akuya. Muka karanta Maganar Allah, muka yi addu'a, sannan ka yi mini tambayar da ta zama tamu har ƙarshe, da Sakkwatancin da ka ɗauka a bakin manoma: "To, mi kaka ɓoye min wanga mako?" Ni ma ka ce dole in yi maka ita. Shekara biyu muka yi a haka kafin na rabu da kwalba.

Yawancinmu Kiristocin da aiki ya kawo ƙasar nan, jakarmu a rataye take. Muna abota ne zuwa ranar da takardar canjin wurin aiki za ta fito, daga nan sai gaisuwar Kirsimeti, ita ma in an tuna. Kai ka ƙi wannan hali. Da aka mai da ni Gandi na ɗauka an gama. Sai ga ka da damina, laka har gwiwa, ka turo babur tun daga wajen Maikujera, kana faɗa wai ni na roƙi a kai ni bayan duniya don in guje wa tambayarka. Ka ce abota kamar kwamin albasa take, wato fangalin da ake dasa ta, ba a ba ta ruwa sau ɗaya a tafi. Ban ga Asabar ɗin da ka fasa ba sai da ciwo ya kwantar da kai.

A daminar 1993 matarka Magdalene ta rasu, Theresa tana da shekara huɗu. Ruwa ya yanke hanya, ba halin kai gawa gida, aka binne ta a 'yar maƙabartar Kiristoci da ke bayan garin Goronyo. Danginka wasiƙa suka aiko. Kai ka yi wa yarinyar nan wanka, ka koyi kitso da manyan yatsunka na noma, har mata suna zuwa su warware su sake. Duk shekara kai kake share kabarin da hannunka, ka kuma hana a binne kowa a gefensa na dama.

Mutanen gari sun san ka ta wata fuskar. Bayan ambaliyar 2010, da ruwa ya cinye gonaki da rumbuna, irin albasar da ka ajiye a gwangwani don gonarka ka fito da shi ka raba, cokali-cokali, ba ka tambayi wanda ke zuwa masallaci da wanda ke zuwa coci ba. Mainasara, maƙwabcinka na gona, ya faɗa mini cewa a shekarar nan rabin albasar da aka cire a fadamarsu daga gwangwaninka ta fito. Kai kuwa gonarka, wadda muke nomawa tare tun da na yi ritaya na dawo kusa da kai, rabinta kawai muka dasa.

A gonar nan, cikin watan Janairu, kana zaune a bakin kwami idanunka sun yi rawaya, ka ce mini, "George, in ta zo, kar a ɗora ni a mota. Gefen Magdalene akwai wuri." Ka ce ba ka son tayar wa Theresa hankali tana tsakiyar jarrabawa, amma za ka rubuta a takarda ka sa hannu. Ni na hana ka. Na buga ƙirji na ce, "Takardar mi? Maganata ba ta isa ba? Sai dai in ba ni da rai." Ka yi dariya, ka mai da biro aljihu.

Ranar da ka rasu muka dawo da gawarka Goronyo, na faɗa wa Mainasara wasiyyarka. Washegari da sassafe ya zo da diga da shebur, ya kawo ruwa bisa jaki aka jiƙa ƙasar, don ta yi tauri kamar dutse. Shi da mazan ikilisiya muka haƙa, kafin azahar an gama.

Da la'asar ƙanenka Sunday ya iso da motar haya da mutum shida. Sunday da bai taka Goronyo ba tun bikin aurenka, ya shigo yana kuka mai ƙara, yana ba da umurni. Ya ce a gidansu ba a barin ƙashin namiji a ƙasar wasu. Ya ce, yana kallona, ya ji labarin wani da ya maƙale wa ɗan'uwansa kamar kaska, kuma kowa ya san gonar noman rani ba abin wasa ba ce. Fasto ya sunkuyar da kai ya ce kada a raba kan iyali. Dattawan da kuka yi shekaru kuna cin Jibin Ubangiji tare, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sai Theresa ta matso, ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Baba George, in Baba ya ce wani abu, ka faɗa. Abin da ka ce shi za a yi."

Na ce, "Bai ce mini kome ba. Mun dai haƙa ne bisa zato."

Haka na ce, Andrawus. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Tsoro na ji kada a ce tsohon malami yana kwaɗayin gonar mamaci. Na auna sunana da wasiyyarka, na zaɓi sunana. Aka ɗora ka a motar da ka ce kada a ɗora ka, aka ɗaure akwatinka da igiya a tsakanin buhunan albasar da Sunday bai manta ya ɗiba ba.

Kabarin da muka haƙa, ni da Mainasara muka koma muka cike shi ba kowa a ciki. Muka daddale ƙasar. Mainasara ya saɓa shebur ya ce, "Malam, ƙarya ga mai rai ana komawa a gyara ta. Wagga hwa, wa za ka ba haƙuri?" Har yau ina jin haushin Sunday, ina jin haushin shirun dattawa, amma ba wanda ya ɗaukar maka alkawari a cikinsu. Ni na ɗauka.

Ina yi wa Sunday da dukan dangi ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri, ya koya musu ziyarar mutum tun yana iya buɗe ƙofa. Ina yi wa ikilisiyar Goronyo da ta Wurno, da Mainasara da manoman fadama waɗanda suka yi kwana uku ba su tayar da injin ban-ruwa ba saboda kai.

Theresa, 'yata, ke ce ta ƙarshe don taki ta fi nauyi. Babanki ya bar wasiyya. A gefen mahaifiyarki ya roƙa a kwantar da shi, kuma ni na hana shi rubutawa. Kin tambaye ni a gaban mutane na yi miki ƙarya, shi ya sa nake ba ki amsa a gaban mutane. Gonar taki ce, na cire ƙafata daga cikinta. Ki yi da maganar nan yadda Ubangiji ya nuna miki, ni ma ki yi da ni haka. Ba na roƙon ki yi saurin yafe mini.

Ya Ubangiji Yesu, ka ji ƙan bawanka Andrawus, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka. Ka riƙe marainiyar nan da hannunka. Ni kuma ka yi mini jinƙan da ban cancanta ba. A wurinka tsakanin Goronyo da Kafanchan ba tafiya ba ce. Ranar tashin matattu, ka tsayar da shi a gefen Magdalene, tun da ni na kasa.