Hannu biyu Allah ya ba Madam Rakiya

Da safen nan ina ɗaura kallabi labarin ya iske ni. Madam Rakiya ta rasu, bayan gajeriyar jinya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san ta ba, ita kaɗai ce malama a wata lakwal, makarantar 'ya'yan makiyaya, can bayan Tarka. Aji uku, ɗaki ɗaya. Tare muka yi karatu a Damagaram. Ni na samu ofis da fanka, ita ta samu yara.

Tun ɗazu nake ganin ana rubuta "mace mai hannu goma". Da ta gani, da ta ja tsaki.

Da can haka take, gaskiya. Tana rubuta wa manya lissafi a allo, kunnenta na wajen ƙanana, goyo a baya, ido kan tukunyar abincin yara. Mu kuma na ofis mu zo da mota, mu tafa mata, mu koma mu rubuta rahoto.

Bara ta daina. Ta ce ta lura yaran sun iya rera karatu, amma in ta ɗora yatsa kan harafi ɗaya, sai su dubi rufi. Ta raba yininta: aji ɗaya a gabanta, sauran a gindin aduwa da aikin da ta ba su. Tukunya ta miƙa wa uwaye. Waya a kashe, cikin buhun shinkafa. An yi ta ƙorafin ba a samunta. Kafin damina, 'yan ajin tsakiya ke karanta wa iyayensu rubutun kwalbar maganin dabbobi.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Belbeji, ta tura mini cuku cikin jaka kamar yadda ta saba. Na tsokane ta da zancen hannu goma. Ba ta yi dariya ba.

"Ƙawa, biyu Allah ya ba ni. 'Yan babban ajina nake so in kai jarrabawa. Sauran duniya ta jira."

Jarrabawar ta matso. Ba a dawo daga maƙabarta ba na ji ana cewa malamin ƙauyen gaba zai haɗa yaranta da nasa. Aji shida ke nan. Shi ma za mu tafa masa.

Allah ya jiƙanki, Rakiya, ya haskaka kabarinki, ya raya abin da kika bari, ya kawo wa yaran nan mai tsayawa a kansu.

Ku sa ta a addu'a, don Allah. Amma ku ajiye abin da ke ɗaya hannun tukuna.