Abin da kwamfutar ta riƙe na muryar kakata

A shekarun da yajin aiki ya tsayar da garin Douala, kasuwar Marché Congo kan yini a kulle, kuma ko kaset ɗaya ba a samu a unguwar New Bell. A lokacin ne ciwon kakata ya tsananta. Ita kaɗai ta rage da ta san sunayen waɗanda suka taso da danginmu daga Kano har suka sauka Douala. Na daɗe ina roƙonta in ɗauki muryarta tana ƙi. Ran nan da hantsi ta aiko a kira ni.

Ƙanena, wanda aka rufe ofishinsu, yana da kwamfuta a ɗaki, ya sa mata katin sauti, abin da ke shigar da murya cikinta. Na yi gwaji kamar yadda aka koya mini a gidan rediyo. Na faɗi kalma biyu, muka saurara, suka fito tas.

Muka shigar da kayan cikin ɗakinta. Ƙanena ya danna, ta harari makirufo.

"Kai, ragon miji, akwatin nan yana jin Hausa, ko shi ma sai Faransanci?"

"Yana ji, uwargida. Ke dai kada ki ƙara wa kakanki shanu."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta fara. Ta yi ta jero sunaye da zango-zango har azahar. Ba wanda ya katse ta don a duba, domin mun san in ta tsaya ba za ta koma ba. Allon kwamfutar kuwa bai nuna wata matsala ba.

Bayan sadakar bakwai muka zauna saurare, muka tarar babu labarin. Ƙanena ya bincika ya yi mini bayani. Kowace na'ura tana da layin da take kiran kwamfuta da shi idan ta tara abin miƙawa. Katin sautin da firinta, wato na'urar buga takardu, an ɗora su a layi ɗaya. Manhajar ɗaukar murya ta nemi layin, ba a ba ta ba, kuma wanda ya rubuta ta bai sa ta duba amsar ba. Sai ta adana guntun farko kawai. Gwajina gajere ne, shi ya sa ya shige.

Sunaye huɗu na iya tunawa. Innata ta ce biyu a ciki na juya su.

Guntun yana nan. Tana cewa "Kai, ragon miji, akwatin nan", sai shiru.