Tsohon da Ya Ƙi Ambaton Ɗansa

Shekarun da na yi ina aikin ɗan sanda a birnin Sakkwato, mafi yawansu a kan kujera na yi su, da babban littafin ofis a gabana. Kafin in sa kaki na koyar a makarantar firamare, saboda haka da aka ga rubutuna yana karantuwa, sai aka ɗora mini riƙon littafin, aka kuma ci gaba da kirana Malam. Duk wanda aka kawo, da wanda aka saka, da ƙarar da aka shigar, a nan nake rubuta su da lokacinsu da lambarsu. Ban taɓa bin ɓarawo da gudu a kan titi ba, kuma ban taɓa jin cewa hakan ya rage mini wani abu ba.

Caji ofis ɗinmu yana gefen gari, ta wajen hanyar da ke fita Wamakko. A wuni ɗaya sai in rubuta ƙarar Bazabarme mai tura ruwa, da ta Bayarbe tela daga Runjin Sambo, da ta Buzu mai gadin shaguna, kowa da irin Hausarsa da irin abin da yake ɗauka cin mutunci. Mu ma ma'aikatan haka muke, an tattaro mu daga ko'ina. A lokacin da nake magana a kai, mai binciken manyan laifuka wani Sufeto ne matashi daga kudu, wanda bai cika shekara da zuwa ba. Mutum ne mai gaskiya, ba ya dukan wanda aka tsare, kuma ya koyi Hausar kasuwa da za ta ishe shi yin tambaya ba tare da tafinta ba. Ina faɗin wannan ne domin kada a ɗauka mugunta ce ta jawo abin da ya faru.

Wata Talata da rana 'yan sintiri suka kawo wani Bafulatani mai kimanin shekara talatin, da shanu uku. A kusa da Dundaye suka tare shi, yana kora su zuwa kara, wato kasuwar dabbobi, ba shi da takardar ardo ko ta mai unguwa. A 'yan shekarun nan satar shanu ta zama babbar magana, kuma duk wanda aka zarga da ita ba a ofishinmu zancensa yake ƙarewa ba, hedikwata ake tura shi, inda mutum kan share watanni kafin a zo kan fayil ɗinsa. Mutumin ya ce shanun daga garken mahaifinsa suke, shi ya aiko shi ya sayar, a kira shi a tambaye shi. Aka sa shi bayan kanta, aka ɗaure shanun a gindin dogon yaro, aka aika rugarsu da ke bayan Wamakko.

Washegari da hantsi tsohon ya zo. Ni ba na nan, na kai takardu kotu, sai bayan azahar na dawo na tarar da rahoton Sufeto a kan teburina. Abin da ke ciki shi ne: shaida ya amince shanun daga garkensa suke; da aka tambaye shi ko wanda ake tuhuma ɗansa ne, ya ce a'a, na ƙanwarsa ne; ya ƙi faɗin sunansa; ya ƙi ɗaga ido ya dube shi duk tsawon tambayar; shi ma wanda ake tuhuma ya yi shiru bai musa ba. Sufeto ya kammala da cewa wanda ake tuhuma ya yi ƙarya game da dangantakarsu, kuma ga alama shaidar tsoronsa yake ji. Ya ba da shawarar a tura shi hedikwata da motar safiyar Alhamis.

Na ɗauki alƙalami na shigar da wannan a littafi, layi bayan layi, na sa lamba, na sa hannu. A raina ma har na yaba da tsarin rahoton. Kowa ya san yadda mutanen ƙauye ke zuwa su wanke wanda suke tsoro, don kada a bi su gida. Ban ga wani abu da ya saɓa wa hankali ba.

Da la'asar na fito yin alwala, sai na ga tsohon bai tafi ba. Yana zaune a kan buzunsa kusa da shanun, ya juya wa tagar ɗakin tsarewa baya. Akwai wani Saje a ofishinmu, Babarbare, wanda ba ya ganin Bafulatani ya wuce shi ba tare da ya tsokane shi ba, kamar yadda wasan da ke tsakaninsu ya ba shi dama. Yana tsaye a kan tsohon, yana nuna wata ƙwarya da ke rufe da faifai.

"Bawana, ashe ka san haƙƙin ubangidanka. Miƙo furar nan."

Tsohon ya ce wa ya taɓa ganin Babarbare da bawa, in ba a mafarki ba. Sannan ya rage murya. "Ba taka ba ta. Akwai wani nan ciki da bai saba da tuwon birni ba, shi za ka miƙa ma."

Saje ya ce mutum shida ne a ciki, wane wani? Tsohon ya sa ido a kan ƙafar saniya, ya ce wanda ya zo jiya.

Butar tana hannuna na kasa zuba ruwan. Ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In baƙi sun tambaye ta ko ni nata ne, sai ta ce ɗan tsohuwa ne, tana nufin kakata da ta raine ni. Lokacin da na yi doguwar jinya ina yaro, kullum kununa daga ɗakinta yake fitowa, amma ba ta taɓa kawo shi da hannunta ba. Wannan kunyar ɗan fari mu Hausawa muna yin ta, Fulanin daji kuwa sun fi mu tsananta ta, har uba yakan yi kamar bai san da ɗan a duniya ba, musamman a gaban baƙi. Sufeto yana da uzuri, domin a garinsu uba da sunan ɗan farinsa yake alfahari. Ni ba ni da uzuri ko kaɗan. Na karanta rayuwar gidanmu a rubuce da Turanci, na kasa gane ta, har na sa mata hannu.

Na fara zuwa wurin Sufeto. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce bai ƙaryata ni ba, amma shi abin da kunnensa ya ji ya rubuta, kuma ba zai iya sa wa fayil abin da shaida bai faɗa ba. Na ce ya yi daidai, maganganun duk an yi su. Inda aka kauce shi ne layin ƙarshe, domin tsoro da ƙarya babu wanda ya faɗe su, fahimtarsa ce. Sai ya ce mu je wurin Baturen 'yan sanda, wato shugaban ofishin.

Shugaban namu ɗan yankin nan ne, ya san al'adar sarai, shi ya sa amsarsa ta fi ɓata mini rai. Ya ce an riga an sanar da hedikwata an kama mai satar shanu, in akwai kuskure can za a gano shi.

"Malam, kai littafi aka ba ka, ba bincike ba."

"Ranka ya daɗe, littafin ne ya kawo ni. Na rubuta a ciki cewa mutum ya yi ƙarya, alhali na san bai yi ba."

Na ƙara da cewa wanda zai karanta fayil ɗin a hedikwata ba zai ga tsohon ba, ba zai ga ƙwaryar ba, layin nan kaɗai zai gani. Ya dube ni kamar zai kore ni. Daga ƙarshe ya ce mota ƙarfe goma za ta tashi. In kafin nan an kawo wanda zai faɗi dangantakar da bakinsa a rubuta, shi ke nan, in ba a kawo ba, kada in sake shigo masa da wannan magana.

Tilasta wa tsohon ba zai yi amfani ba, kuma ban ga dalilin da za a tozarta shi ba. Wadda ta dace ita ce wadda tsohon ya riga ya ambata da kansa, wato ƙanwarsa. Saje ne ya tambaye shi inda take, cikin wasa, yana cewa yana neman mata ta biyu. Ashe a gefen Dundaye take aure, tana kawo nono gari. Saje ya kira wani dillalin shanu da ya san gidan, ya ba shi saƙo.

Ranar Alhamis tara ta wuce ba ta zo ba. Direba ya riga ya juya mota ya fuskanci ƙofa, an fito da mutumin an zaunar da shi a kan benci da ankwa a hannu. Na buɗe littafi ina jiran lokacin da zan rubuta fitarsa, ina duban agogon bango fiye da yadda ya kamata. Saura kamar minti ashirin sai ga keke napep ya tsaya, wata dattijuwa siririya ta sauko da ƙwaryar nono, ta ajiye ta a bakin kantar ofis, ta ce kada Babarbaren nan ya matso kusa da ita.

Tana shiga ɗakin Sufeto tsohon ya miƙe, ya jawo malfarsa kan ido, ya fice waje. Ita kuwa ba ta jira tambaya ba. Ta kira sunan mutumin sau uku a jere, da ƙarfi, tana tambayarsa wace irin wauta ce za ta sa shi kora shanu zuwa birni ba takarda. Sannan ta juya ga Sufeto.

"Ɗana, rubuta. Ni nig goye shi tun yaye, amma wancan tsoho da yaf fita, shi yah haihe shi. Yayana na. Ko yanka shi za ku yi ba ya faɗi."

Ta lissafa tsagar da ke kunnen kowace saniya ba tare da ta leƙa ba, ta faɗi wadda ta haifi wadda. Sufeto ya fita da kansa ya duba kunnuwan, ya dawo ya rubuta, ta dangwala yatsa.

Shugaba ya ce a sake shi bisa rashin isasshiyar hujja. Na ce a gafarce ni, hakan bai wadatar ba. Dokar littafin ita ce ba a gogewa, ba a yage shafi; abin da aka rubuta yana nan, kuma bayan shekaru wani zai iya buɗewa ya ga mutumin nan ya taɓa yi wa hukuma ƙarya, ya kuma firgita shaida. Gyara ɗaya ake yi, a buɗe sabuwar lamba a ambaci tsohuwar a warware ta. Kafin shugaba ya amsa, Sufeto ya ce shi ya yi kuskuren, shi zai faɗa in rubuta. Ya tsaya a gaban teburina ya faɗa: wanda aka tsare ya faɗi gaskiya, shaida mahaifinsa ne, shirun da ya yi al'ada ce, ba tsoro ba. Ya sa hannu, na sa nawa a ƙasa, domin kuskuren namu ne mu biyu.

Aka cire ankwar. Mutumin ya fito yana murza wuyan hannunsa, ya tsaya nesa da dogon yaron, goggonsa tana ta yi masa faɗa. Tsohon yana tsugune yana kwance igiyoyin shanun ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, bai waiwaya ba, ya yafito Saje.

"Bawana, ce ma wancan shi bi ta fadama shi shayar da su tukuna. Kasuwa ta jira wani mako."

Saje ya juya ya maimaita saƙon kalma bayan kalma ga mutumin da ke tsaye taku biyar daga wurin, shi kuma ya ce to, ya karɓi sandarsa a kantar ofis, ya kora shanun suka fita.