Gwaggo Mai Gwada Suna a Bayan Gidanmu

Duk wanda ya san Gwaggo ya san ba a sa wa jaririya suna a danginmu sai ta gwada shi. Gwajin kuwa ɗaya ne. Za ta ci ɗamara, ta fita can bayan gidanmu, ta fuskanci gonaki, ta ƙwala kiran sunan sau uku iya ƙarfinta. In ya tafi, to ya ci. In ya maƙale mata a wuya, sai ta dawo tana karkaɗe hannu ta ce a sake lale. Hujjarta ita ce yarinya ba a ɗaki za ta dawwama ba, wata rana sai an neme ta daga rafi. "Sunan da bai kai gona ba," in ji ta, "tari ne."

Kun tuna haihuwar matar Yaya Sani a Kangire? Mai jego ta ce Afnan take so a riƙa kiran 'yar, ta gani a waya. Gwaggo ta fita ta gwada, ba wanda ya waiwayo sai wata tunkiya da ta amsa daga turke. Ta dawo ta ce sunan yana da mai shi, ba za a yi wa dabba ƙwace ba. Aka ce to Ladi, tunda ran Lahadi aka haife ta. Kira ɗaya, mata huɗu suka fito daga gidajensu, ɗaya da muciya a hannu. Gwaggo ta ƙirga su da yatsa ta ce in yarinyar ta yi ɓarna ba a san wadda za a daka ba.

Daga nan ta tura Yaya Sani gindin kukar ƙarshen gona, ta ce in ya ji suna ya ɗaga hula. Rana ta gasa shi, ya fara ɗaga hula ga duk abin da ya fito daga bakinta don a sallame shi. Gwaggo ta lura. Ta cika ƙirji ta ƙwala, "Tukunya!" Hula ta tashi sama. Ranar sai da ta ƙara masa nisa har gonar maƙwabta.

Muna ta dariya shekara da shekaru, ba wanda ya tsaya ya lura da abu ɗaya. Gwaggo yayar babanmu ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe, kuma duk 'ya'yan nan da ta gwada wa suna babu takwararta ko ɗaya. Har yau ina jin kunyar wannan.

Da na haifi 'yata ta fari, na bar Birnin Kudu na koma Gwaram wankan jego a ɗakin Gwaggo. Maigidana ya aiko cewa sunan yarinya Rakiya, wato sunan Gwaggo na yanka. Gwaggo ta ce ba sani ba sabo, shi ma sai an gwada. Ta fita ta ƙwala kira, ta saurara, ta amsa wa kanta da "Na'am". Ta dawo ta ce ya ci.

Rigimar ta tashi ne wajen sunan sakayawa. Mata suka ce a riƙa cewa Ummi, tunda ba zai yiwu in riƙa kama sunan wadda ta raine ni ba. Gwaggo ta ajiye ludayin kunun kanwa.

"Rabona da jin sunan nan a bakin mutum tun rasuwar innarmu," in ji ta. "Mijina 'ke' yake ce mini, ku kuma Gwaggo. Yau ya dawo gida, za ku kife shi da faifai? Tashi ki kira."

Ni fa, a gaban jama'a, da ɗanyen jego. Na buɗe baki, murya ta fito kamar ta ɗan tsako. Ta ce bai kai zaure ba. Na ƙara, ta ce yanzu ya kai rijiya. A na uku na rufe ido na saki murya gaba ɗaya. Da na buɗe, sai na ga tana share ido da bakin zani, wai hayaƙin murhu ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Tun daga ranar na shiga uku. Duk sanda na kira yarinyar, Gwaggo ce ke fara amsawa. Ran da na ce, "Rakiya, zan zane ki," daga ɗaki na ji an ce, "Gwada mu gani."

Bara Gwaggo ta rasu, takwararta tana shekara shida. Har yanzu in na leƙa ƙofar gida da yamma na ƙwala kira, yarinyar kan amsa daga nesa, ni kuma sai in ɗan dakata ina jiran amsa ta biyu. Allah ya jiƙan Rakiya babba, ya haskaka makwancinta. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa ta amsa tana murmushi.