Sandar Gorar Inna

Shekarun baya, lokacin da na dawo gida Kazage bayan na gama karatu, na tarar rafinmu ya canza hali. Damina ta zo da ambaliya, ta ɗauke da wuri, kafin tsakiyar rani sai yashi. Mata sukan bi rafin suna tono, kowace shekara suna ƙara kusantar daji, inda yanzu ba mai son shiga. Mahaifiyata na cikinsu.

Dattawa suka yanke shawarar gina ɗan bango a gicciye cikin rafin, ya tare yashi, yashin ya riƙe ruwa. Ƙarfinmu na bango ɗaya ne tak. Da yake ni ce 'yar boko, aka ce in nuna wurin. Kwana uku ina ɗaki ina zana taswira, har da shuɗin fenti. Na zaɓi wata lanƙwasar rafin mai kyan gani, inda nakan zauna ina rubuta waƙa.

Mahaifiyata ta leƙa takardar. "Malama, kin taɓa tono a nan?"

"A'a, Inna, amma lissafi ya nuna..."

"To, lissafin ya zo ya ɗauki tulu."

Ta jawo wata tsohuwar sandar gora daga bayan rumbu, jikinta duk tsaga. Ashe duk rani takan zura ta cikin rami har ta taɓa ruwa, ta tsaga daidai bakin ramin. Gefe ɗaya na sandar na wurin da na zaɓa ne: tsagar sai hawa take, ramin na ƙara zurfi. Ɗayan gefen na gindin wani baure ne, tsagar duk a cunkushe wuri guda.

"Dutse ne a ƙarƙashi," in ji ta. "Ruwa ba shi da wurin zurarewa."

Sandar ce na kai gaban dattawa, taswirata a naɗe a hammata. Wani tsoho ya ce, "'Yar nan, wannan ce digirin?" Na ce ta Inna ce, ta riga ni kammalawa.

A gindin bauren aka gina. Bayan damina biyu yashi ya cika, mata suka koma ɗibar ruwa inda ake jin kiran sallar garinmu.

Har yau damina ba ta daina yi mana bazata ba, amma na koyi tambayar masu tono kafin in ɗauki biro. Ranin da ya wuce, Inna ta miƙo mini wuƙa ta ce in yi tsagar bana. Da na auna ruwan, na yi tsagar can ƙasa, inda sandar ba ta taɓa samun tabo ba.