Kwana uku ba gero

Kwalba ɗaya ta rage mini ranar da na sauka Matameye, ƴar ƙarama, na naɗe ta cikin ɗankwali. Sukarin gulukos ne a ciki, amma irin wanda aka sa wa alama da sinadarin kabon mai nauyi. Mutum ya sha, jikinsa ya ƙona shi, sai ya riƙa hura numfashi cikin ƴan kwalabe duk rabin awa, na'ura ta auna yadda alamar ke fitowa. Kundin digirina saura mutum ɗaya ya cika, kuma nan da kwana biyar motar jami'a za ta kwashi samfur. In na rasa ta, sai baɗi.

Matsalar ita ce gero, dawa, masara da rake duk suna ɗauke da wannan kabon fiye da sauran abinci, suna dagula awo. Dole mai gwajin ya ƙaurace musu kwana uku. A Matameye fa! Kowa na tambaya sai ya yi mini dariya. Baffana ne kaɗai, yayan mahaifina, ya ce zai yi.

Kwana uku Inna, matarsa, tana dafa masa shinkafa da wake tana mita, wai bokona zai kashe mata miji.

Rana ta huɗu da hantsi na zaunar da shi a zaure. Na juye sukarin cikin ruwa, na motsa, na miƙa masa. Ya ce bismillah, ya kai kofin baki, sai ya tsaya.

«Baffa, sha mana.»

Ya sauke kofin a kan gwiwarsa. «Ɗiyata, jiya na je ta'aziyya Dawce. Matar marigayin da kanta ta dama fura ta aiko mini. Abokina ne tun muna yara. Ta yaya zan mayar da ƙwaryar?»

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Na riga na narkar da sukarin, ba firji, zafin nan ba zai bar shi ya kai kwana uku ba.

«Ludayi nawa?»

«Na shanye.»

Takardar gwajin tana gabana, da gurbin da zan rubuta cewa bai ci gero ba. Daga ni sai shi a zauren. Na daɗe riƙe da biro, ba zan ɓoye ba, har na ɗora bakinsa a kan takardar. Baffa yana kallon hannuna.

«In kin ce in sha, zan sha,» ya ce a hankali. «Ba zan faɗa wa kowa ba.»

Dattijon da ya kasa haɗiye ƙarya da ruwan sukari, ga shi zai ɗauke ta saboda ni. Na aje biron, na karɓi kofin daga hannunsa.

Sai da shekara ta zagayo na kammala. Har ya rasu, in na zo gida aka kawo fura, ba ya iya sha a gabana.